FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Shingen garka cikin rairai

Zancen wannan wata a kan shinge ne. Ba shingen ƙaya ba. Shingen waya wanda ake ɗaurawa a dirkokin tiyon ƙarfe.

Duk wanda ya zaga garaken bayan gari ya taɓa ganin wannan abu. Mutum ya sayi waya da tsada. Ya sayi tiyo. Ya biya mai walda. Ran da aka gama aiki shinge ya miƙe kamar na bariki, maƙwabta suna zuwa kallo. Amma kafin sanyi ya wuce, dirkar kusurwa ta sunkuya, waya ta saki tana lilo. Akuya ta sa kai ta shige. Raƙumi kuwa ƙafa kawai ya ɗaga. Cikin dare ɗaya tumatir da salati da albasa da karas, wahalar wata uku, duk sun tafi. Da safe sai cacar baki tsakanin mai garka da mai dabba. Wani lokaci har maganar ta kai gaban hukuma, maƙwabtaka ta lalace.

Mai garka zai ce laifin akuya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Arlit ƙasar kiwo ce tun kafin a kafa garin. Dokar 1961 ta ja iyakar noman damina a Nijar, kuma Arlit tana can arewa da iyakar nan, cikin yankin makiyaya. Sai da aka soma aikin haƙar uraniyom gari ya tashi. An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. An kafa Cominak a 1974, garin Akokan ya girma a gefensa. Mutane suka zo daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da duwatsun Abzin. Inda aka sami ruwa aka yi garake. Dabbobi kuwa suna nan inda suke tun da. Saboda haka tsaron garka nauyin mai garka ne. Haka nan kada shingensa ya tare burtali ko hanyar rijiya. Kafin ya haƙa rami ko ɗaya, ya je wurin hukumar kula da filaye a nuna masa iyakarsa.

Da can ƙaya ake sarowa a yi shinge. Yanzu itace ya yi nisa da gari. A ƙasar da ruwan sama ba ya kai milimita 100 a shekara, icen da aka sare yau ba zai dawo ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma ganyensa da ƴaƴansa abincin awaki da raƙuma ne. Ma'aikatan gandun daji ma ba su yarda ba. Shi ya sa masu hali suka koma ga waya da ƙarfe. Dabara ce mai kyau, in an san yadda rairai yake.

Rairai ba laka ba ne. Laka tana kama dirka kamar hannu. Rairai ba ya kama kome, matsawa yake yi ya ba da hanya. Tiyon ƙarfe kuma santsi gare shi, ba shi da ɓawo, ba shi da gaɓa. Yaro ma in ya girgiza shi gaba da baya sau ashirin zai zare shi. Makiyayi ya san wannan tun tuni. Ba ya kafa turke gajere a rairai ya ɗaure babbar dabba ya tafi barci. Ko dai ya kafa shi da zurfi, ko ya ɗaure igiya a tsakiyar wani guntun ice ya binne shi a kwance. Icen da ke kwance ba ya fita, don sai ya ɗaga duk rairan da ke bisansa. Wannan sani na makiyaya shi ne mai garka zai ara.

Dirkokin tsakiyar layi ba su da wani babban aiki. Waya tana jan su dama, tana jan su hagu, ja biyun sun kashe juna. Aikinsu su ɗaga waya kada ta taɓa ƙasa. Ƙaramin ƙarfe ya isa, a kafa kowane mita 3 ko 4, zurfin santimita 60. Amma dirkar kusurwa da dirkar bakin ƙofa, su gefe ɗaya ake jan su. Layin waya huɗu ko biyar suna jan kansu dare da rana, ba hutu. A nan shinge yake faɗuwa. To, a nan ya kamata kuɗi da ƙarfi su tafi. Abin mamaki, mutane da yawa sukan raba kuɗinsu daidai wa daida a kan dukan dirkoki, kusurwa ta sami rabo irin na kowa.

Dirka ɗaya, kome kaurinta, ba ta iya wannan aiki a rairai. Sai an yi mata abokiya. Ana kafa ta biyu a kan layin shinge, mita 3 daga ta kusurwa. Sai a gitta tiyo tsakaninsu daga sama, kamar taƙi ɗaya ƙasa da kai, a yi masa walda. Wanda ya koyi baƙaƙen boko zai ga sun yi siffar harafin H. Amma aiki bai ƙare ba, don H kaɗai yana iya karkacewa, dirkokin biyu su sunkuya tare kamar masu ruku'u. Abin da ke hana wannan shi ne ɗaurin karkace. Ana ɗaura waya mai kauri, marar ƙaya, daga gindin dirkar kusurwa zuwa kan dirka ta biyu. A zagaya ta sau biyu. A sa guntun rodi a tsakiya a yi ta murɗawa har ta yi tauri, in an buga ta ta yi ƙara. Sai a jingina rodin a jikin tiyon da aka gitta, a ɗaure shi kada ya warware.

A lura da kyau: daga gindin ta kusurwa zuwa kan ta biyu. Da yawa sukan juya shi, su ɗaura daga kan ta kusurwa zuwa gindin ta biyu. Waya a haka ba ta riƙe kome, da an ja shinge sai ta saki. Ga dalili. Shinge yana jan kan dirkar kusurwa. Ita kuma ta tura tiyon gicciye. Tiyon gicciye ya tura kan dirka ta biyu. Wayar karkace ita ce ke riƙe kan ta biyu kada ya tafi, ta mai da nauyin can gindin ta kusurwa, inda ƙasa take riƙe da ita. Amma in ba waya za a sa ba, tiyo ne za a tokara a karkace, to shi kam daga kan dirkar kusurwa yake sauka zuwa gindin ta biyu. Waya ja take yi, tiyo kuwa tokarewa yake yi. Shi ya sa kwanciyarsu ta bambanta.

Mai walda yakan ce: "Maigida, mita ɗaya da rabi ya isa tsakaninsu, a rage ɓarnar ƙarfe." Kada a yarda. In tazarar ta yi kaɗan, wayar karkace takan miƙe tsaye sosai, sai ta riƙa ɗaga dirkar kusurwa sama kamar ana cire haƙori. A ƙasa mai tauri ana iya tsira da haka. A rairai ba a tsira. Tsawon tiyon gicciye ya kai tsawon shinge sau biyu, ko ya fi. Shinge mai mita ɗaya da rabi, gicciyensa mita 3.

Sabon tiyo yakan zo da tsawon mita 6. In an raba shi biyu an sami dirka biyu masu mita 3. Rabi a cikin ƙasa, rabi a waje. Wani zai ga kamar asara ce a binne mita ɗaya da rabi na ƙarfe inda ba mai ganinsa. Ba asara ba ce, wanda ke ƙasa shi ne ke aiki. Faɗin bakin tiyon kusurwa ya kai santimita 7 zuwa 9. Na gicciye ko ya fi haka siranta ba laifi. Kafin a sa dirka a rami, mai walda ya yi mata ƙafa: guntayen rodi ko na ƙarfe biyu, kowane kamar santimita 40, a gitta su a gindi. Wannan ƙafa ita ce icen makiyayi da aka binne a kwance. A shafa kwalta a duk wurin da zai shiga ƙasa, har taƙi ɗaya bisa ƙasa, don ruwan ban garka yana kawo tsatsa, kuma tsatsa daga wuyan dirka take fara ci. A toshe bakin tiyo na sama da faifan ƙarfe ko siminti.

Haƙar ramin ita ce wahala. Ana ɗebe felu ɗaya, felu biyu na zubowa. Maganinsa ruwa. A zuba bokiti uku ko huɗu a wurin tun da marece, a bar shi ya kwana, da asuba a haƙa. In an sauka rairai ya sake bushewa, a ƙara ruwa a jira. Inda rairai ya yi laushi ƙwarai, a yi dabarar masu ginin rijiya. A samo tano, wato gangar ƙarfe, a cire kansa da gindinsa, a tsai da shi a wurin, a riƙa ɗebe rairai daga ciki yana nutsewa. Tano bai cika mita ɗaya ba, saboda haka sai a fara buɗe bakin rami da faɗi kamar rabin mita na zurfi, sa'an nan a sa shi. Tanon da aka taɓa zuba mai a ciki kada a kusa da shi da wutar walda, yana fashewa ko da ya daɗe ba kome ciki. A cika shi da ruwa, a yanke da kurfi da guduma. Kuma kada a tura yaro cikin rami don ƙanƙantarsa. Rairai in ya rufta ba ya jira.

Wani wurin, kafin a kai mita ɗaya da rabi sai dagi ya ci karo da dutse ko tsauri. Wannan sa'a ce. A fasa shi kamar taƙi biyu, a zaunar da gindin dirka a ciki.

In akwai halin siminti, buhu ɗaya mai kilo 50 yakan kusa isar dirka ɗaya. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. Yashin ƙorama mai tsakuwa-tsakuwa za a nemo. Rairan da iska ke tarawa ya yi laushi da yawa, kwaɓinsa ba ya ƙarfi. Ba sai an cika rami duka da kwaɓi ba. A zuba kamar santimita 30 a gindi ya rufe ƙafar dirka. A bi da rairai mai danshi da duwatsu. A bar santimita 30 na sama a sake zuba kwaɓi, ya zama kamar wuyan riga. In an yi aiki da tano, a riƙa jan shi sama a hankali ana cikawa, don ya yi aikin rami na gaba. Siminti a zafin Arlit saurin bushewa yake yi, kuma wanda ya bushe da sauri ba ya ƙwari. A rufe shi da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da marece har kwana 7. Kafin kwanakin nan su cika kada a ɗaura waya ko ɗaya.

Wanda ba shi da kuɗin siminti kada ya karaya. Duwatsu da haƙuri suna aiki. A riƙa zuba rairai mai danshi taƙi-taƙi, kowane taƙi a daka shi da tsohuwar taɓarya ko gindin dagi har ya daina nutsewa. Wanda ya tura rairai duka lokaci ɗaya ya tattake sama da ƙafa, bai yi kome ba. Sa'an nan a sa matokara biyu a cikin ƙasa. Faffaɗan dutse ɗaya can gindi, a bayan dirka, gefen da ba waya. Wani faffaɗan dutse ko guntun tiyo a kwance kusa da sama, kamar taƙi biyu ƙarƙashin ƙasa, a gefen da waya za ta ja. Dirka in za ta sunkuya kanta gaba yake yi, gindinta baya. Matokaran nan biyu sun tare ta ko'ina.

Yanzu ga lissafi, masu zuwa ajin yaƙi da jahilci su gwada shi a allo. Kusurwa tana da layi biyu, kowane da nasa ja. Saboda haka kusurwa ɗaya tana son dirka 3 da gicciye 2. Guda 5 ke nan masu mita 3, wato mita 15, tiyo biyu da rabi. Kusurwa 4, tiyo 10. Ƙofa tana da gefe biyu, kowane dirka 2 da gicciye 1, tiyo 3 ke nan. Duka tiyo 13. In layi ya zarce mita 100, a ƙara wani H a tsakiya. Maƙwabta biyu da garakensu ke jingine suna iya haɗa kusurwa su raba kuɗi.

Tiyo 13 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shi ya sa ƙafa takan kai mutum wurin masu sai da tsofaffin ƙarafa, inda abu yake da araha. A wani gari wannan ba kome. A Arlit da Akokan sai an yi hattara ƙwarai. Wasu tsofaffin ƙarafan daga wuraren aikin uraniyom suka fito. Tiyon da ya shekara da shekaru yana ɗaukar ruwan ma'adini ko ruwan masana'anta yakan tara wani dafi a cikinsa kamar ƙanzo. Ƙanzon nan yana fitar da tururi mai cutarwa. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, hannu ba ya jin zafinsa. Ba ya kā da mutum yau ko gobe. A hankali yake aiki, shekaru su wuce kafin ciwo ya bayyana.

Wannan ba jita-jita ba ce. A watan Disamba na 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD daga Faransa sun zo Arlit, sun iske ƙarafa masu wannan tururi ana sayarwa a gari. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo da na'urorinta, ita ma ta iske irinsu a kasuwa. Ƙungiyar Aghirin'man ta nan Arlit ta daɗe tana faɗakar da jama'a a kan haka, har shugabanta Almustafa Alhasan ya sami lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017. An rufe ma'adinin Cominak ran 31 ga Maris 2021. Ƙarfen da ya riga ya shiga gari tun shekarun baya kuwa yana nan yana yawo daga hannu zuwa hannu.

Wani zai ce ai shinge ne, ba tukunya ba, a fili zai tsaya. Amma kafin ya tsaya sai an yanka shi, an goge shi, an yi masa walda. Ƙurar da ke tashi ta shiga ƙirjin mai walda da yaransa. Ƙanzon da ya zube ya gauraya da ƙasar garka inda ake shuka abin miya. Guntayen da suka rage yara su ɗauka su yi wasa, ko uwargida ta yi murhu da su. In shinge ya tsufa, wani ya zare tiyon ya ja ruwa da shi. Saboda haka mai saye ya tambayi asalin ƙarfe. Mai sayarwa zai ce: "Alhaji, wannan wankakke ne, dubi yadda yake ƙyalli." Ƙyalli ba shaida ba ne. Tiyon da aka leƙa aka ga ƙanzo a cikinsa, a bar shi inda yake, kome arahar sa. Wanda ba a ga kome ba ma, in ba a san inda ya fito ba, na'urar awo kaɗai ke iya wanke shi. A nemi masu ita su auna kafin a biya. In ba a sami mai aunawa ba, gara a sayi sabo kaɗan-kaɗan, bana kusurwa biyu, baɗi biyu, ko a sa direban da aka amince da shi ya ɗauko daga Agadas ko Tawa. Tanon haƙar rami ma wannan doka ta hau kansa. Sabon tiyo mai farin shafi kuwa, hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai, a yi aikinsa a fili inda iska ke kaɗawa.

Saura ɗaurin waya. A fara da layin ƙasa, a bi sama. Kowane layi a zagaya shi a jikin dirkar kusurwa kanta, a murɗe. Kada a ja shi har ya yi kamar tsirkiyar baka. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana ƙanƙancewa da sanyi. Waya mai mita 100 da aka ja da tsakar rana a watan Mayu, in daren Janairu ya zo takan rage kamar santimita 3 ko 4. Ragin nan a wuyan dirkar kusurwa yake ƙarewa. Wanda ya yi ɗauri a bazara ya bar ɗan sassauci. Awaki suna bi ta ƙasa, don haka layukan ƙasa su fi kusa da juna, ko a sa ragar waya daga ƙasa zuwa ƙugu.

Masu garka sukan jingina tabarmi ko kaba ko tsofaffin buhuna a jikin shinge don tare iska. Shuka tana jin daɗin haka, amma shinge ya ƙara kaya. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take bugowa, tana tara rairai a gindin duk abin da ya tare ta, tana kuma kwashe shi daga wani wurin. Gefen nan shi ya fi son dirkoki kusa da juna. In rairai ya taru har ya binne layin ƙasa, ya zama matakala ga akuya, a kwashe shi da felu. In kuma iska ta rarake gindin dirkar kusurwa har wuyan siminti ya fito, a mai da rairai, a daka, a jera duwatsu a kai.

Bayan sanyin farko mai garka ya ɗauki zare ya ɗaura ɗan dutse a bakinsa, ya saki daga kan kowace dirkar kusurwa. In zare ya bi jikin dirka, lafiya lau. In ya rabu da ita da faɗin yatsa biyu, a kwance rodin wayar karkace a ƙara murɗi uku ko huɗu, a sake ɗaure shi.